Takardar da Na Samo a Kasuwar Mile 12

A gaban tirelar albasa na shiga Legas. Shekara huɗu ke nan ina aiki da manoman albasa a Aliero da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ina cika takardu da labarin asarar da suke tafkawa, amma ban taɓa bin buhu ɗaya tun daga gona har inda ake sauke shi ba. Da wannan tafiya ta taso bayan ƙaramar Sallar 2025, sai na roƙi wani Alhaji da ke lodi zuwa kurmi ya sa ni a motarsa. Ya dube ni, ya dubi jakar kwamfutata, ya ce, "Malam, za ka iya kuwa?" Na ce da yardar Allah.

Muka bi ta Jega da Yawuri da Kwantagora, muka faɗa Mokwa, muka haye kogin Kwara a gadar Jebba, daga nan sai Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun. Kwana uku muka yi a hanya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne aikin yaron mota. Duk inda aka tsayar da mu, ko shingen masu karɓar kuɗin tikiti ne ko mota ce ta lalace ta tare hanya, sai ya haye sama ya ɗaga gefen tamfol ya zura hannu tsakanin buhuna. A rana ta farko ya sauko bai ce komai ba. A ta biyu, bayan mun shafe awa huɗu cikin rana, ya sauko yana goge hannu a wando ya ce wa direba, "Oga, ta fara zufa." Direba ya yi salati. Daga Ilori iska ta yi nauyi da laima, warin da ke shigowa ta taga ya sauya daga na busasshiyar albasa zuwa wani mai ɗan tsami. Duk wannan na sha rubuta shi da Turanci a takardun neman tallafi, amma ranar na fara jin sa a hanci.

Abin da ya kawo ni ba boyayye ba ne. Albasar rani kusan lokaci ɗaya take nuna, kowa ya cire tasa tsakanin watan Fabrairu da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. In aka kai Oktoba zuwa Disamba kuma sai ta yi wuya, buhun da aka sayar da arha ya ninka kuɗinsa sau da dama. Manomi ya san haka sarai. Abu biyu ke hana shi jira: ruɓa, da bashin taki da na man injin ban ruwa da ke jiransa a ƙofar gida. Maganin na farko rumbu ne mai shan iska, mai katako a ɗage daga ƙasa da rufin da ba ya tara zafi, tare da koya wa manomi ya janye ruwa kafin cira, ya rage takin yuriya, ya bar ganyen ya bushe kafin ya yanke. Maganin na biyu shi ne jinginar amfanin gona, wato a ajiye albasa a rumbun ƙungiya, a ba manomi rance a kanta, in ta yi daraja a sayar ya biya ya ɗauki ragowar. Mutanen Nijar sun riga mu nisa a wannan tsari, kuma su ke da irin Galmi mai launin shuni wanda ya fi jure ajiya. Mu muke da yawan manoma da babbar kasuwa. Mutanen Gana kuwa suna noma tasu a yankin Bawku, amma ba ta isarsu, daga wajenmu da Nijar suke cike giɓi. Shi ya sa ƙungiyoyi uku daga ƙasashe uku muka ce mu haɗa kai mu nemi kuɗi tare, kuma wata gidauniya a Victoria Island ta ba mu ranar ganawa.

A Agege na sauka, gidan kawuna, wanda a can aka haife shi kuma a can ya tsufa yana sana'ar goro kamar mahaifinsa. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka Bahaushe baƙo ne a Ikko. Goro da layin dogo suka zaunar da kakanninmu a Agege tun zamanin Turawa, suna da Sarkin Hausawansu, da masallatansu, da makarantun allo. Kawu yana magana da ni da Hausa, ya juya ya yi wa maƙwabcinsa ba'a da Yarabanci kamar a bakinsa aka ƙirƙiro shi. Da asuba mai shayi ya yanka mini burodin nan na Agege mai danƙo, jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2024 yana wucewa zuwa Oyingbo.

Abokan tafiyata a nan suka same ni. Malam, injiniyan gona ne daga yankin Galmi a jihar Tawa, ya girme ni da kusan shekara ashirin, ya shigo ta Konni da Illela. Hajiya kuma, sakatariyar ƙungiyar mata masu noman albasa a Gana, ta biyo ta Aflao da Lome da Kwatano ta shigo ta Seme, ta iso ƙafafunta a kumbure. Iyakoki uku ta tsallaka a tafiyar da ba ta kai nisan Sakkwato zuwa Ilori ba, kuma a kowace sai an sauke fasinja. Matar kawu ta ja ta ciki, ta ce ba maganar aiki sai ta ci ta huta.

Washegari muka ɗauki tasi ta Oworonshoki muka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990. Daga sama ana hango gidajen Makoko a kan ruwa, da kwale-kwale, da hayaƙin masu banda kifi. Malam ya daɗe yana kallo ta taga, sannan ya ce, "Ka san a garin nan aka haifi Sedeyawo?" Haka suke kiran ECOWAS da lafazin Faransanci. Gaskiyarsa ne, a Legas ƙasashe 15 suka sa hannu a ranar 28 ga Mayu, 1975, Janar Gowon da Eyadema na Togo ne suka yi ta zirga-zirgar haɗa su. Ga shi shekara hamsin ba 'yan watanni, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Malam bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban ja zancen ba. Dukanmu mun tuna yadda motocin albasa suka yi cirko-cirko a bakin iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya na ruɓewa, a Accra kuma farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Ɗakin jiran gidauniyar a cike muka same shi. Na gane fuskoki biyu daga Maiduguri, mutanen da shekara da shekaru da kuɗin Amurka suke aiki. Tun da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairu, kowa ya juyo ga kuɗin cikin gida, kuma kuɗin cikin gida a Legas yake kwana. Nan manyan bankuna suke da hedikwata, nan kasuwar hannun jari take, nan Gidauniyar Dangote take, nan ta Tony Elumelu take, wadda tun 2015 take ba matasan Afirka jarin dala 5,000 kowanne. Ƙofofin ba su ƙaru ba, masu ƙwanƙwasawa ne suka ninka.

Matar da ta karɓe mu Bayarabiya ce, a Sabon Garin Kano ta tashi, ta gaishe da Malam da Hausa tsaf har da rusunawa. Ta karanta takardarmu tun kafin mu zo, ta ja layi da jan biro. Ba ta tambaye mu komai a kan albasa ba, ta ce wannan ta yarda mun fi ta sani. Ta nemi takardar rajistarmu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da ta SCUML, wato sashen EFCC da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, na miƙa mata. Ta nemi rahoton mai binciken kuɗi na shekarun baya, nawa da na Malam suna nan, na su Hajiya babu. Sannan ta jero tambayoyin da suka ɗaure mu. A asusun wa kuɗin zai sauka? Da wane kuɗi aka yi kasafin, naira ko sefa ko sidi? In canji ya faɗi tsakanin sa hannu da sayen katako, wa zai ɗauki asarar? In ƙungiya ɗaya ta gaza kawo rahoto, sauran biyun za a dakatar da su ko kuwa? Muka riƙa kallon juna. Daga ƙarshe ta rufe fayil ta ce, "Malam, tambaya ta ƙarshe. Wa ya riga ya sa kuɗinsa a aikin nan? Hukumarmu ba ta son ta zama ta farko. In mutanen da ke cin abinci da albasa ba su sa ko sisi ba, me zan faɗa wa waɗanda ba su taɓa ganin gonarta ba?"

Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Kuɗin amana ne a hannunta, kuma duk abin da ta tambaya abu ne da ya kamata mu tambayi kanmu tun muna gida.

Daren nan a zauren kawu aka yi ta. Malam ne ya fara, cikin sanyin murya. Ya ce, "Ɗana, bari in faɗa maka abin da ban faɗa a waya ba. Takardar nan kai ka rubuta ta kai kaɗai, ka aiko mana mu sa hannu saura kwana huɗu a rufe karɓa. Sunanmu yana ciki don a ce ƙasa uku ne. Haka ƙungiyoyin Najeriya suke mana kullum, ku ne babban wa, mu 'yan rakiya." Na so in kare kaina da ƙarancin lokaci, amma gaskiya ya faɗa, na ba shi haƙuri. Hajiya ta ɗora da tata Hausar ta Zango wadda ba ta raba namiji da mace, ta ce matan da take wakilta rumbu ba shi ne farkon damuwarsu ba, iri mai kyau suke nema, su sayi na Galmi kai tsaye ba tare da an cakuɗa musu da wani ba. Ko layi ɗaya a kan iri babu a takardar da na rubuta, domin ban tambaye ta ba.

Maganar asusu ta fi zafi. Na ce a sa a namu tunda gidauniyar a Najeriya take. Malam ya girgiza kai. Ya tuna mini cewa a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, bayan an saki naira a watan Yuni kuma ba a yi shekara ba ta haura 1,500. Ya ce sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan kowane ɗaya, ba ta motsi. "In kuɗin rumbuna goma ya kwana wata shida a naira, nawa zan gina?" Hajiya ta ce ita ba ta da bakin magana, sidi ma ta sha ƙasa a 2022. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare muka daidaita. Kasafi da dala za a yi shi. Kowace ƙungiya kasonta ya tafi asusunta kai tsaye duk wata uku, kada kuɗin wani ya kwana a hannun wani. Mu za mu haɗa rahoto mu miƙa, amma ba ya fita sai sa hannun mutum uku. Fannin jingina da horarwa Malam ne shugaba, fannin iri Hajiya. A ware wani ɗan kaso na ko-ta-kwana saboda faɗuwar canji, kuma a sa kuɗin mai binciken asusun su Hajiya a cikin kasafin. Shafi biyu kacal, da hannu muka rubuta, amma shi ne karo na farko da na ji mu uku muna aiki ɗaya.

Kawu yana gefe a kan buzunsa yana jan carbi, na ɗauka ba ya saurare. Da muka tashi sai ya ce, "Kai, tambayar matar nan ta ƙarshe fa? Kun tsallake teku neman mai kuɗi, kun bar masu albasar a Mile 12. Gobe ka shirya, ni zan kai ku."

Kasuwar Mile 12 tana kan hanyar Ikorodu, bayan Ketu, kuma nan ne cikin Legas yake. Tumatir, tarugu, tattasai, doya, karas, albasa, duk kayan gwarin da ke shigowa daga Arewa nan ake juye mafi yawansu. An yi ruwa da daddare, ƙasa ta zama caɓi, sai da muka sayi takalman roba a bakin ƙofa. 'Yan dako suna gudu da buhu a ka suna "hanya, hanya", matan Yarabawa masu sari suna ciniki da Hausar kasuwa, dillalai suna amsa musu da Yarabanci. Na hango tirelar da ta kawo ni, an gama sauke ta. A gefe an baje albasar da ta yi zufar nan, yara suna tsince mai kyau, ragowar an tara ta tsibi guda ƙudaje na bi. Na tsaya a kanta na ɗan lokaci. Na san gonakin da ta fito, na san wasu daga masu ita da sunansu.

Bayan sallar Azahar kawu ya shigar da mu wajen dattawan sashen albasa, a wata rumfa mai benci uku da fanka. Babbansu tsoho ne ɗan asalin ƙasar Sakkwato, ya fi shekara arba'in a kasuwar. Na fara bayani yadda na saba yi a ofisoshi, ya ɗaga hannu ya ce, "Yaro, bar dogon Turanci. Mu me za mu samu?" Malam ne ya amsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, watan da babu kaya, rumfar nan me take sayarwa? In akwai rumbu a Aliero da Galmi, motar da ke zuwar muku da rani za ta zo muku da kaka ma, kuma busasshiya, ba mai zufa ba." Tsohon ya yi shiru, sauran suka fara magana ƙasa-ƙasa.

Abin da na ji a awa biyun da suka biyo baya ya sauya mini tunani a kan aikina. Mutanen nan sun daɗe suna yin abin da muke kira haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa. Dillali a Mile 12 yana ba manomi a Kebbi kuɗin taki tun kafin shuka. Yana da amini a Konni da wani a Kumasi, in yana son biyan wani a sefa sai ya buga waya, a ba da a can, shi kuma ya biya a naira a nan, a daidaita lissafi in an haɗu. Sun san wace iyaka ce a buɗe yau, sun san farashin Accra kafin rana ta take. Bankin Afreximbank ya ƙaddamar da tsarin PAPSS a 2022 don ɗan kasuwar Afirka ya biya ɗan'uwansa da kuɗin ƙasarsa ba sai an bi ta dala ba, su kuwa da amana da wayar hannu suke yinsa tun tuni. Ba zan ce hanyarsu ba ta da illa ba. Manomin da ya ci kuɗin dillali dole a gare shi ya sayar masa a farashin da ya yanka, kuma ɗaya daga cikin dattawan ya fito fili ya ce rumbun nan zai rage musu wannan ƙarfi. Aka yi musu mai zafi a tsakaninsu. Ra'ayina dai shi ne, duk wanda zai yi aikin albasa a ƙasashen nan ya tsallake waɗannan mutane, to a takarda aikinsa zai ƙare.

Tsohon ne ya yanke. Ya ce daga kowace tirela da aka sauke a sashensu za a cire kuɗin buhu ɗaya, na tsawon kaka ɗaya tukuna, su gani. Ya kafa sharaɗi biyu. Mutuminsu zai zauna a kwamiti ya ga littafin shiga da fita duk lokacin da ya so. Rumbun farko da za a gina da kuɗinsu kuma waƙafi ne, ba na ƙungiyarmu ba, ba na kowa ba, kada wata rana a ji wani ya mayar da shi nasa. Hajiya ta ce a ƙara da cewa mata suna da kaso a cikinsa. Ya dube ta ya ce, "Hajiya, ai ku ne masu miya, a rubuta." Sakatarensu ya rubuta da boko a takarda mai hatimin sashe, tsohon ya karɓi biro ya sa sunansa da ajami, sannan aka shafa fatiha.

Ranar Alhamis muka koma Victoria Island da takardu biyu, yarjejeniyarmu mai shafi biyu da ta 'yan kasuwa, wadda gefenta ya ɗan taɓa jan ƙasar Mile 12. Matar ta karanta ta biyun sau biyu. Ta tambaye ni abin da rubutun ajamin yake cewa, na karanta mata. Ta ce ba ta yi mana alkawarin komai ba, masu nema sun yi yawa bana, amma za ta shigar da mu zagaye na biyu, mu sake rubuta takardar mu uku, da maganar iri a ciki, mu kawo cikin mako shida. Ta kuma ba mu shawara kada mu dogara da gida ɗaya, mu duba asusun da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya kafa a 2016 tare da Gidauniyar Gates da wasu ƙasashen Larabawa, wanda ke haɗa kyauta da rance mai sauƙi, ko da yake ta hannun gwamnatoci yake bi, don haka sai mun shawo kan ma'aikatun gona na jihohinmu.

Da asubar Juma'a muka raka Hajiya tashar Mile 2 ta hau motar Seme. Malam ya ciro wani ƙullin leda daga aljihun babbar rigarsa ya miƙa mata, irin Galmi ne baƙi sidik, ya ce na gonarsa ne, ta kai wa matan su gwada a fegi ɗaya. Ta ƙulle shi a bakin mayafi. Ni kuma na koma Mile 12, inda direbanmu ya samu lodin manja zuwa Jega. Yaron mota ya karɓi jakata zai jefa baya, na ce ya dakata, na ciro takardar dattawan na sa ta a leda, na zura a aljihun gaban rigata, sannan na hau.